Wa Ya Faɗa Wa Kakarka?

Ku matso kusa, yau ba ni da doguwar gaisuwa. Masu tambayar launin rigunan ƙawayen amarya, ku ɗan dakata da zuwa wurin tela. Ke kuma da kika rubuto min makon jiya cewa irin Efren ɗaya ne a gari, kin yi gaskiya, Allah ya sa kada a samu na biyu.

Saboda sababbin zuwa: sunana Noemi Arredondo, ina aiki a laburaren jami'ar garinmu, nan kudancin Texas. Har gobe yayar mahaifiyata, Tiya Chelo, gani take an ɗauke ni aiki ne don in riƙa ce wa mutane su yi shiru. Alhali koyarwa nake yi. Malami zai kawo min ɗalibansa sau ɗaya a zango, a ba ni minti hamsin, in nuna musu yadda ake tono abu a rumbunan mujallu da tsofaffin jaridu, da yadda ake gane magana mai tushe da shaci-faɗi. Minti hamsin kacal, ga yara talatin, rabinsu na latsa waya a ƙarƙashin tebur.

Don in raba su da wayar na ƙirƙiro wani darasi, na sa masa suna "Wa ya faɗa wa kakarka?" Kowa zai kawo labarin da ake yawan bayarwa a gidansu, mu bi sawunsa a jaridun da. Da labarin kakata Eulalia nake buɗewa. Tana amarya aka yi ambaliya a ƙauyensu, ta shiga ruwa da kwamin kwaɓa burodi ta tsamo yara bakwai. Shekara hamsin tana faɗa ana ce mata tatsuniya. Ni na gano jaridar bayan rasuwarta. Ga hotonta jiƙe sharkaf da igiya a ƙugu, amma a ƙasa an rubuta sunan kakana mai gidan burodi, "da taimakon iyalinsa". Duk ajin da ya ga hoton nan sai ya yi tsit. A minti biyar na ƙarshe kuma ina nuna musu rumbun jami'a, inda mutum zai ajiye rubutunsa na'ura ta buga masa kwanan watan da ba mai iya gogewa.

Shekara uku na kwashe ina rubuta maƙala a kan darasin nan. Ban kai ga bugawa ba, amma na saka ta a fayil ɗina, domin bana ce shekarata ta shida a aiki. A wurinmu shekara ta shida ba wasa ba ce. Kwamiti zai duba fayil ɗinka, ko a tabbatar da kai har tsufa, ko a ba ka wa'adi ka tattara komatsanka.

Efren Barrientos malamin tarihi ne, shi ma bana ake duba nasa fayil ɗin. A ƙofar ajina muka haɗu. Yakan shigo da ɗalibansa, ya ce, "Ga ku ga gwana," ya kashe min ido, ya fita shan kofi, sai an tashi ya dawo da kofi biyu. Yawancin malamai haka suke mana, su ajiye aji kamar an kawo wanki, kuma muna jin haushi. Amma nasa ban taɓa jin haushi ba, kofin nan na biyu ya rufe min ido. Da bazarar da ta wuce na ba shi maƙalar ya duba min. Ya riƙe ta wata guda, ya dawo yana shafa gemu ya ce, "Akwai sauran aiki, Noe. Ki bari sai bayan biki." Bikin aurenmu ni da shi yake nufi, watan Fabrairu ne.

To, ranar Alhamis ajinsa ne. Na saka farar rigata mai aljihu da ɗan kunnen azurfar da ya saya min, har da jan baki, don Allah ku ji wauta. Ya ajiye su ya fita kamar kullum.

Akwai dokar da ake koya mana tun ranar farko: kada ka taɓa yin binciken da ba ka gwada ba a gaban aji. Duk kalmar da za ka buga a babban allo, ka riga ka buga ta a ofis ka ga abin da za ta fito da shi. Shekara shida ban karya dokar nan ba. Ranar ajin ya yi daɗi, an ajiye wayoyi, kaina ya kumbura. Sai wata ɗaliba mai jan gashi, Priscila, ta ɗaga hannu.

"Malama, in aka buga sunan darasin naki fa, me zai fito?"

"Ba komai, ai ban buga shi ba tukuna."

"Gwada mana mu gani!"

Na yi dariya na buga. Sakamako ɗaya ya fito, ƙato a allo. Maƙala ce a wata mujallar koyar da tarihi, fitowar wannan watan. Sunan darasina ne, harafi da harafi. Marubuci: Dokta Efren Barrientos, shi kaɗai.

Mai hankali rufewa zai yi. Ni hannuna ne ya danna da kansa, abin ya buɗe. Layin farko: "Kakata Eulalia ta sha faɗa min yadda ta shiga ruwa da kwamin burodi." Kakarsa Ofelia na nan da ranta, tana kallon fim a talabijin tun safe har yamma, ko ruwan baho tsoronsa take. Na gangara ƙasa, jimlolina na wucewa ɗaya bayan ɗaya, har wata waƙafi da nake yawan sakawa inda bai dace ba tana nan. A can ƙarshe, da ƙananan haruffa: "Ina godiya ga ma'aikatan laburare da suka ba mu aron ɗaki."

Aron ɗaki, jama'a.

Priscila ta ce, "Kai, Malama, ashe kakarku ɗaya da Dokta?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, ban san da wane baki ba. Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, ya shigo da kofi biyu. Ya dubi allo, ya dube ni, ya ajiye nawa a gefen tebur a hankali, ya ce yana da taro.

Kafin in isa ofis wayata ta fara rawa da saƙonninsa.

"Zan yi miki bayani."

"Kada ki ɗauki zafi, ba yadda kike tunani ba ne."

"Kin ci abinci?"

Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa tsakanin kwalaye, na yi kuka har jan bakin ya koma haɓata.

Juma'a da safe saƙon Misis Kubecka ya shigo, ita ce shugabar kwamitin da ke duba fayil ɗina. Matar kirki ce, amma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce na'urar kama satar rubutu ta nuna kashi saba'in cikin ɗari na maƙalata ya yi daidai da wata da aka riga aka buga. "Ki zo ofishina ran Litinin ƙarfe tara ki yi mana bayani." Kun gane? Tasa ce ta fito fili, don haka ni ce ɓarauniya. Ni da nake tsayawa gaban yara ina koya musu yadda ake faɗin inda aka samo magana.

Yanzu bari in faɗa muku abin da na riƙe a ciki. Abin da nake koyarwa a minti biyar na ƙarshe, ina aikata shi. Shekara biyu da suka wuce na ajiye maƙalar a rumbun jami'a, na kulle ta yadda ba mai gani sai ni, da sunana da kwanan wata. In na buɗe kullen, na wanku. Amma Efren ya rasa aiki ke nan, ba a nan kaɗai ba, ko'ina. Kuma ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai na ce wa zuciyata, bari in ba shi zuwa Asabar. Wataƙila shi da kansa zai ce zai je ya faɗi gaskiya, in ya so mu san yadda za mu yi.

Asabar ɗin ranar naɗe tamale ce, wani irin alalen masara, a gidan Ama, mahaifiyata, kamar kowace shekara in Kirsimeti ya matso. Tun ƙarfe takwas an baje teburin kicin: ƙullun masara a babban kwano, ɓawon masara a jiƙe cikin roba, kaza da jan barkono na tafasa a kan wuta. Na cire zoben baikona na ajiye a ƙaramin faranti bakin taga, na sa hannu a ƙullu. Tiya Chelo na gefena da tsinken gashi a baki, ita ce telar gidan, ranar kuma za ta gwada min rigar.

"Amarya, wannan fuska fa? Wani ya yi magana da ƙarfi a laburare?"

"Tiya, ki bar ni."

"Ƙullun ya yi kauri, mija," in ji Ama, haka take kirana, wato 'yata. "Shafa shi siriri. Dokta ba ya son mai kauri."

Tun ranar da ya fara zuwa gidan nan Ama ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai Dokta. Ta sanar a coci, ta sanar a shagon gyaran gashi, har likitan haƙorinta ya san 'yarta za ta auri malamin jami'a. Cewa 'yar tata ma a jami'ar take koyarwa, wannan ba ya shiga labarin.

Wajen sha ɗaya ya iso, da shuɗiyar rigar da nake so, da fure a hannu, ba nawa ba, na Ama. Ya sumbace ta a goshi, ya yabi ƙamshin miya, ya ce yana son magana da ni minti biyu. Muka fita bayan gida ƙarƙashin bishiyar lemo, hannuna duk ƙullu.

"Noe, na yi kuskure, na sani."

Zuciyata ta ɗan saki. Na ce to ga shi nan, zai faɗa.

"Shugaban sashenmu ya ce in ban ƙara maƙala ɗaya ba fayil ɗina ba zai wuce ba. Taki na kan teburina. Kuma ai a ajina kika yi ta gwada darasin, kusan tare muka yi."

"Tare? Kana shagon kofi?"

"Saurara mana. Na ji Kubecka ta kira ki. Abu ne mai sauƙi. Ki ce muna aiki tare ne, kika ɗauki rubutuna na gwaji kika saka a fayil bisa kuskure. Za su ja miki kunne kawai."

"Za su kore ni, Efren."

"To ko da sun yi fa? In aka tabbatar da ni, an tabbatar da mu. Ki huta shekara ɗaya, ki samu laburaren gari, ko na makarantar yara. Aikinku ai ko'ina akwai shi. Nawa ne in ya tafi ba ya dawowa."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Bakin nan ne ya ce min ba a taɓa koya masa abu kamar yadda nake koyarwa ba, ashe ko sau ɗaya bai ji ba.

"Kakata fa? Ita ma bisa kuskure ta zama taka?"

Ya ɗan yi murmushi, irin na lallashin yaro. "Ya fi daɗin karatu a haka. Kuma nan da wata biyu ai tawa ce." Ya rage murya. "Ki yi tunani, Noe. In kika ce naki ne, maganarki ce da tawa. Tawa an buga, da kwanan wata. Ke me za ki nuna? Ba na so ki ji kunya a banza."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ba tsoro ne ya kama shi ya yi aika-aika ba. Ya zauna ya auna, ya ga ba ni da madafa, sannan ya saya wa uwata fure.

Ama ta leƙo ta taga ta ce a zo a gwada riga kafin tukunyar farko ta nuna, Dokta kuma ya zauna a kicin, ango ba ya ganin riga.

A ɗakin Ama aka zura min ita. Rigar aurenta ce, Tiya ta rage ƙugu, ta cire manyan hannayen nan na zamanin da, ta jera ƙananan maɓallai talatin a baya. Aka ɗora min mayafin leshin kaka Eulalia, wanda ya fara komawa ruwan madara don tsufa. Na ga kaina a madubi, sai kawai maganar ta zubo. Na faɗa musu komai, tun daga allo har bishiyar lemo.

Ama ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana gyara zanen da ba abin da ya same shi.

"Bai kyauta ba," ta ce. "Zan yi masa faɗa. Amma mija, takarda ce fa. Saboda takarda za ki rusa gida? An kama zauren biki, an gaya wa Fada a coci, 'yan uwa sun sayi tikitin jirgi. Sunansa ai naki ne nan da wata biyu."

"Ama, aikina ne. Za a rubuta ni ɓarauniya."

"Wa zai karanta? Kakarki ma ba a sa sunanta a jarida ba, kuma ta zauna da kakanki shekara hamsin lafiya."

Wannan ta fi ta Efren zafi. Ita ce ta yi kuka a kafaɗata ranar da na kawo hoton nan gida, ita ta sa aka yi masa firam, yana nan rataye a falo.

Tiya Chelo ta zare allura daga bakinta, ta dubi Ama. "Lafiya? Graciela, ke ba ki taɓa lura ba ne, shi ya sa. Tun ranar da jaridar nan ta fito, har ta koma ga Allah, uwarmu ba ta ƙara sa burodin mutumin nan a bakinta ba. Mijinki mai gidan burodi, ki riƙa aikawa ƙetaren titi a sayo miki na wani. Wannan ne lafiya?"

"Chelo, kada ki zuga min yarinya."

"Ni ɗinki nake yi."

Ama ta tashi ta ce za ta duba tukunya, ta ja ƙofa da ɗan ƙarfi. Muna jin ta a kicin tana zuba wa Efren abinci, yana ba ta wani labari tana dariya.

Wayata na kan gado. Na ce, "Tiya, miƙo min." Ta miƙo ba tare da tambaya ba, ta durƙusa ta ci gaba da kafa allurai a gindin rigar. Na shiga rumbun jami'a. Ga maƙalar nan: Noemi Arredondo, sha huɗu ga Maris, shekara biyu baya, ƙarfe uku da minti goma na yamma. A ƙarƙashi akwai ɗan akwati mai tambaya ko a buɗe wa kowa. Busasshen ƙullu na zuba daga yatsana a kan gilashin. Na tuna ranar da motata ta mutu a hanya ya zo da igiya cikin ruwan sama, na tuna yadda yake riƙe min jaka a kasuwa. Duk gaskiya ne, kuma duk bai hana ba.

Na danna. Na kwafi adireshin na tura wa Misis Kubecka, na rubuta, "Ga bayanina, sai Litinin ɗin." Na saka Efren a cikin waɗanda za su samu kwafi, don ban iya yankan baya ba.

Gidan Ama ƙarami ne. Muka ji wayarsa ta yi ƙara a kicin. Dariyar ta ɗan ci gaba, sannan ta yanke. Kujera ta ja ƙasa. Tiya Chelo ta miƙe da sauri kamar ba ita ke kukan gwiwa ba, ta murza makulli.

"Ango ba ya ganin riga!" ta faɗa da ƙarfi.

Ya buga ƙofar da tafin hannu. "Noe! Wane rumbu ne wannan? Tun yaushe? Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Ina faɗa, Dokta," na ce. "Kowane zango, a gaban ajinka, minti biyar na ƙarshe. Kana shan kofi."

Sai muryar Ama a bayansa, ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji ba. "Noemi, me kika yi mana?"

Mana, ta ce. Ita da shi.

Na juya wa Tiya baya, ta fara ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, tana cewa in tsaya cak kada allura ta soke ni, mayafin kuma in cire a hankali, na uwarta ne. Na fita ta ƙofar ɗakin da ke ɓulla bayan gida da tsohuwar rigata, na shiga mota, na yi tafiyar titi biyu kafin kuka ya sa na tsaya.

Daga ɗakina nake rubuto muku, yau Lahadi da rana. Ya kira sau goma sha ɗaya, Ama ko sau ɗaya. Na goge farar rigata mai aljihu saboda gobe ƙarfe tara. Zoben yana can bakin tagar kicin, a cikin faranti, inda na ajiye shi kafin in sa hannu a ƙullu. Ɗazu Tiya ta turo saƙo wai Ama ta wanke shi ta ce in zo in ɗauka da kaina. Na ce ta gaya mata zan zo, amma hoton kaka zan ɗauka.